Koyon Gina Shafukan Intanet: Bayani Ga Masu Ba da Gudummawa da Kwamitocin Masallatai

Daga cikin buƙatun da suka iso ofishin sakatare a wannan shekara, akwai iri biyu da suka yi ta maimaituwa. Na farko daga matasan Dingyadi da Bodinga da Shagari ne, waɗanda suka kammala sakandare ko difloma, suna neman a tallafa musu su koyi gina shafukan intanet. Na biyu kuwa daga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya, suna tambaya ko ya dace su buɗe nasu shafin, domin 'ya'yan gari mazauna Legas da Abuja da Fatakwal su riƙa ganin inda gudummawarsu take tafiya. Da yake dukiyar da za a kashe amana ce, mun ga wajibi ne mu fayyace wa iyayenmu malamai da masu ba da gudummawa yadda wannan sana'a take, tun kafin a kawo maganar gaban babban taro.

Kowane shafin intanet yana tsaye ne a kan abubuwa uku, kamar dai shago a kasuwa. Akwai kayan da ke ciki, wato rubutu da hotuna da tsarin da aka jera su. Akwai masauki, wato wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake biyan haya a ajiye kayan a cikinta. Sannan akwai adireshi, sunan da mutum zai rubuta a wayarsa ya iso wurin. Masaukin da adireshin duk haya ne, ba saye ba, kuma za mu dawo kan wannan batu domin a nan ne kwamitoci suka fi yin asara.

Shi kayan cikin, da yare uku ake rubuta shi. HTML shi ne ginshiƙi: shi yake cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, nan hoto zai zauna. Wani masani ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙirƙiro shi a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, bayan ya gabatar da shawarar tsarin a 1989. A 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga duniya, ba tare da neman ko sisi ba. JavaScript ya zo a 1995, shi ke sa shafi ya amsa idan an taɓa shi. CSS kuma ya biyo baya a 1996, shi ke kula da launi da girman haruffa da shimfiɗa.

Rubuta waɗannan da hannu yana cin lokaci, shi ya sa aka fito da manhajojin da ke yi wa mutum rabin aikin. Na farkon zamani, irin su FrontPage na kamfanin Microsoft da Dreamweaver wanda ya fito a 1997, mutum zai tsara shafi kamar yana buga wasiƙa, manhajar ta rubuta yaren a ɓoye. Yau an daina yayinsu. Wadda ta mamaye fagen ita ce WordPress, da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003. Kyauta ce, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta aka gina su. Akwai kuma irin su Wix da Squarespace, inda mutum zai ɗauki zubin da aka riga aka tsara ya sauya rubutu da hotuna. Da wuni ɗaya sai a ga shafi ya tsaya. Sai dai manyan hidimominsu na kuɗi ne, galibi da kuɗin waje, kuma shafin da aka gina a gidansu ba a kwashe shi gaba ɗaya a koma wani gida.

Ra'ayinmu a nan ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka koya wa ja da ajiyewa kawai, bai san abin da ke ƙarƙashi ba, ya yi kama da wanda ya iya tuƙa babur amma bai san inda fulogi yake ba. Ranar da shafi ya karkace a fuskar waya, ko wani ƙarin haɗi ya yi karo da ɗan'uwansa, sai ya tsaya cik. Don haka duk horon da za mu amince da shi sai ya fara da HTML da CSS, sannan a hau WordPress. Wannan matakin farko ma ba ya buƙatar data: da kwamfuta da manhajar rubutu da burauza an gama. Ita kanta WordPress ana iya girka ta a cikin kwamfutar ɗalibi da taimakon manhajar XAMPP, ya yi ta gwaji ba tare da intanet ba. Abin da ba a iya kauce masa shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka da hanyar yi mata caji, wanda a ƙauyukanmu ma'anarsa sola. Waya tana isa a kalli darasi, amma ba ta isa a yi sana'a. A ganinmu kuma, horon mako biyu da ake tallatawa yana ba da takardar shaida ne kawai. Wata shida na aiki kullum shi ne mafi ƙarancin abin da za a saka wa rai.

Akwai abubuwan da suka keɓanci yankinmu, waɗanda darussan ƙasashen waje ba sa tsayawa a kansu. Kusan duk wanda zai buɗe shafin masallacin Dingyadi da waya zai buɗe shi, kuma yana lissafin datarsa. Hoto ɗaya da aka ɗora yadda kyamara ta ɗauke shi yana iya fin dukan rubutun shafin nauyi ninki-ninki, don haka rage nauyin hotuna darasi ne na kansa. Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Idan ba a saita shafi a kan tsarin UTF-8 ba, ko aka zaɓi nau'in haruffan da ba ya ɗauke da su, sai su koma akwatuna ko alamar tambaya, “ƙasa” ta kasa karantuwa. Haka rubutun Larabci da Ajami: dole magini ya san yadda ake umartar shafi ya tafi daga dama zuwa hagu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa yana karantarwa, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Matashin da ya ƙware a jera Boko da Larabci da Ajami a shafi ɗaya yana da abin da maginin Legas ba lalle ya iya ba.

Yanzu ga maganar mallaka. Adireshin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, ana kuma yin rajistarsa ta hannun dillalan da ta amince da su. Ƙungiyoyin sa-kai sun fi ɗaukar.org.ng. Shekara-shekara ake sabunta shi. Abin da ya saba faruwa shi ne, a ba wani yaro kwangila, ya yi rajista da sunansa da imel ɗinsa, ya tafi hidimar ƙasa ko ya sauya lamba, wa'adi ya cika ba wanda ya sani. Shafi ya ɓace, wani lokaci ma baƙo ya saye sunan ya ɗora abin da ya ga dama, jama'a na ɗauka na masallaci ne. Maganin wannan mai sauƙi ne: a yi rajista da sunan kwamiti da imel na kwamiti, kalmar sirri ta kasance a hannun amintattu biyu, a rubuta ranar sabuntawa a littafin ma'aji. Makullin tsaro da ake gani a gefen adireshi kuwa, hukumar Let's Encrypt tana ba da shi kyauta, kada a yarda a saka shi cikin lissafi da tsada.

Idan ana son karɓar gudummawa ta shafin, kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna haɗa wannan, amma za su nemi takardun rajista. Ga masallaci ko gidauniya, wannan na nufin rajistar amintattu a Hukumar CAC da asusun banki da sunan ƙungiya. Ba mu goyon bayan a lika lambar asusun mutum ɗaya, komai amincinsa.

Muna kuma jan hankali kan hotuna da sunayen waɗanda suka karɓi zakka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan mutane, tun kafin ita kuma addini ya hana a tozarta mabuƙaci. A wallafa jimillar abin da ya shigo da yadda aka raba shi gunduma-gunduma, a bar fuskar marayu da zawarawa.

Ta wace taska za a biya? Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas, ɗakin horo da albashin malami da allon sola kuwa ba mallakar wani fakiri ba ne. Saboda haka shawararmu ita ce waɗannan su fito daga wakafi da sadaka. Matashi matalauci da ya kammala, shi ana iya mallaka masa daga zakka abin da zai sayi kwamfutarsa, kamar yadda ake yi wa tela da keken ɗinki. Hukuncin ƙarshe yana hannun kwamitin malamai.

Kasuwar aikin ba ta da faɗi a cikin ƙauye, wannan gaskiya ce. Dillalin albasa da mai shagon yadi sun wadatu da WhatsApp da Facebook, ƙaramin masallacin unguwa ma allon sanarwa ya ishe shi. Masu biyan kuɗi su ne makarantu masu zaman kansu da asibitoci da otal-otal da ƙungiyoyi a birnin Sakkwato, da kuma aikin nesa ga wanda Turancinsa ya nuna. Don haka muka fi son a fara da 'yan kaɗan da aka tantance, kuma a ƙarfafa musu neman gurbi a shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda ba a biyan kuɗin karatu.

Kwamitin da ke son shafi, muna roƙon ya turo wa ofishin sakatare amsar tambayoyi uku kafin babban taro: wa zai riƙa sabunta labarai kowane wata, daga ina kuɗin hayar shekara za su fito, kuma su wane ne amintattu biyun da za su riƙe kalmar sirri.