Dashen Ɓargo ko Ƙwayar Kullum: Zaɓi Biyu a Gaban Iyayen Mai Sikila

Gidan da Allah ya ba ɗa mai sikila a Shanono, ko Faruruwa, ko Kokiya, ya daɗe bai san wata hanya ba sai haƙuri. Ciwo ya tashi, a ɗora yaro a babur a kai asibiti, a ƙara ruwa, in jini ya yi ƙasa a ƙara jini, a dawo gida a jira na gaba. Yanzu kuwa maganganu biyu ke yawo a rediyo da bakin 'yan'uwan da ke birni. Wasu na cewa akwai aikin da ake yi, dashen ɓargo, wanda ke raba yaro da cutar gaba ɗaya. Wasu kuma na cewa akwai ƙwayar da ake sha kullum, haidiroksiyuriya, wadda ba ta warkarwa amma tana kwantar da cutar. Kowannensu gaskiya ya faɗa. Abin da ba kasafai ake zama a faɗa ba shi ne kuɗin kowace hanya, na aljihu da wanda ba na aljihu ba.

A cikin ɓargo ake yin jini. Yaron da ya gaji sikila daga uwa da uba, ɓargonsa na fitar da jajayen ƙwayoyin jini masu lanƙwashewa su yi tauri, su toshe ƙananan jijiyoyi, su kuma mutu da wuri. Daga nan ciwon ƙashi yake, da kumburin hannu da ƙafa, da idanun da ke yin ɗorawa. Dashe yana zuwa ne ya kawar da wannan ɓargon ya sa na wani a madadinsa. Ƙwayar kuwa tana barin ɓargon a inda yake, sai dai ta sa shi ya riƙa yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wannan jinin ne dalilin da ya sa iyaye mata ke cewa yaro lafiyarsa lau aka haife shi, sai da ya kusa wata shida abin ya fara.

Tarihin hanyoyin biyu ma ya sha bamban. Labarin dashe daga nesa yake zuwa mana. A 1984 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wata yarinya da aka yi wa dashen ɓargo saboda sankarar jini, sai aka ga sikilarta ma ta tafi. A Najeriya sai 2011 aka yi na farko, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, aka ɗebi ɓargon wani yaro aka sa wa ƙanensa. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da Gidauniyar Sikila ta Najeriya suka fara nasu. Duk da haka, har yanzu Indiya ce alƙiblar da yawa daga masu hali.

Ita kuwa ƙwaya, wani babban yanki na hujjarta a Kano aka samo shi. Shanyewar ɓarin jiki na daga cikin mugayen abubuwan da sikila ke yi wa yara, kuma akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari tun abin bai faru ba. A ƙasashen masu kuɗi, irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa kowane wata. Wanda ya taɓa yawon neman leda ɗaya ta jini cikin dare ya san wannan ba tsarinmu ba ne. Sai likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, da na Barau Dikko a Kaduna, irin su Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt, suka gwada ƙwayar a kan yara 220. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare yara daga shanyewar jiki kamar matsakaici, sai dai masu shan matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Yaran Kano da Kaduna ne suka koya wa duniya wannan.

Sai batun wa zai iya samu. Ƙwaya kusan duk mai sikila zai iya sha, in likita ya auna nauyinsa ya kuma riƙa duba jininsa. Dashe kuwa sai an sami mai bayarwa wanda jikinsa ya dace, kuma a nan ne lissafin gida yake saɓa wa lissafin likita. Magidanci zai ce, "Ai likita, 'ya'ya goma sha huɗu gare ni, ba za a rasa ba." Likitan zai tambaye shi nawa ne 'yan ɗakin su yaron. 'Yan uba ba sa shiga wannan lissafi, sai waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. A cikinsu ma, kowane ɗaya damar dacewarsa 1 ce cikin 4, kuma dole shi kansa ya kasance ba mai sikila ba, ko da yake mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila daga uwa ko uba kaɗai, zai iya bayarwa. In aka haɗa sharuɗɗan biyu, abin ya koma kamar 3 cikin 16. Shi ya sa mafi yawan masu sikila ba su da irin wannan ɗan'uwa. Akwai sabuwar hanyar karɓa daga uwa ko uba, waɗanda rabin dacewa suke da shi, kuma tana samun ci gaba, amma ba ta kai ta ɗan'uwa sanuwa ba tukuna.

A ce an dace, yayan yaron ya yi daidai. Tambayar farko daga wajen kaka take fitowa: "Yanzu shi wannan mai lafiyar za a taɓa? In an ɗebi ɓargonsa ba zai nakasa ba?" Ba zai nakasa ba. Ana sa shi barci, a soka allura a bayan ƙashin ƙugunsa a zuƙo abin da ake buƙata, ya yi kwanaki yana jin tsami, cikin 'yan makonni jikinsa ya mayar da abin da aka ɗiba. Wahalar tana wajen mai karɓa. Manomi ya san ba a zuba sabon iri a gonar da ba a share ba, to haka ake yi wa ɓargon yaron: kwanaki ana ɗura masa magunguna masu ƙarfi irin na sankara, su kashe tsohon ɓargo, su kwantar da garkuwar jiki. Ranar dashen kanta ba wuƙa ba ɗinki. Leda ce ake ratayewa kamar ta ƙarin jini, abin ya bi jijiya ya nemi mazauninsa da kansa. Iyaye da yawa kan yi mamakin ƙanƙantar ranar da suka sha wuya kafin su kai gare ta.

Makonni biyu zuwa huɗu da ke biye su ne masu tsanani. Tsohon ɓargo ya tafi, sabo bai kama ba. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har haɗiyar yawu ta gagara, zazzaɓi kaɗan ya isa ya ta da hankalin ma'aikata. Yaro na ɗaki shi kaɗai da mai jinya ɗaya, galibi uwa, da takunkumi a fuskarta, tana wanke hannu kafin ta taɓa ɗan da ta haifa. Mu mutanen dubiya ne. Mun saba mara lafiya ya buɗe ido ya ga gwaggo da kawu da maƙwabta sun kewaye gado, ga kwanon tuwo ga fulas ɗin kunu. A wannan ɗaki ba a shigo da ko ɗaya. Uwar da ba ta taɓa kwana a wajen ƙaramar hukumarta ba tana iya samun kanta a Legas ko Delhi, ba ta jin yaren ma'aikatan jinya, sauran 'ya'yanta na hannun abokiyar zama ko kakarsu, maigida na gida yana neman wanda zai karɓi jinginar gona.

Wahalar mai shan ƙwaya ba ta da irin wannan tsanani, amma ba ta da ranar ƙarewa. Kullum safiya sai an tuna. Bayan 'yan watanni sai an shiga mota zuwa Kano a duba jini, domin maganin kan rage wasu ƙwayoyin jinin in ya yi yawa. Ga maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ga gidan sauro, ga allurar rigakafi, ga yawan shan ruwa, ga rigar sanyi da hunturu. Ciwon zai ragu, kwanciya asibiti za ta ragu, amma za a sake ganin daren da uwa za ta zauna da tsumma da ruwan ɗumi tana gasa ƙafar yaro har asuba. Cutar tana nan, tana taɓa ƙoda da ƙugu da ido sannu a hankali. Babban abokin gabar wannan hanya shi ne gajiya. Yaro ya yi wata takwas bai kwanta ba, damina ta faɗi, kuɗin taki ya taso, sai a ce a bari sai an yi girbi.

In aka zo kan haɗari, adalci shi ne a faɗi adadin yadda yake. Idan mai bayarwa ɗan'uwa ne da ya dace sosai, kuma yaron ƙarami ne, kimanin 9 cikin 10 suna rabuwa da sikila. Wannan babban abu ne, babu ƙwayar da ta taɓa yin haka. Amma wasu jikinsu kan ƙi sabon ɓargon cutar ta dawo, wasu sabon ɓargon ne kan juyo ya yaƙi fata da hanji da hanta, wasu 'yan kaɗan cikin ɗari kuma aikin ne ajalinsu. Sai abin da ba a son ambata: magungunan share ɓargo kan hana haihuwa. A garin da ake fara tambayar amarya tun shekara ba ta zagayo ba, uban da zai sa hannu a madadin 'yarsa mai shekara biyar yana yanke mata hukuncin da za ta rayu da shi tana da shekara ashirin. Ƙwayar ma ana tattauna tasirinta a kan maniyyin maza, sai dai ba a haɗa nauyin biyun.

Lokaci kuma yana yi wa iyaye wani irin wasa. Dashe ya fi kyau a yi shi yaro na ƙarami, kafin cutar ta lalata gaɓoɓi. Amma a lokacin ne iyaye suka fi jin nauyin jefa shi cikin haɗari, tunda ga shi yana wasa a tsakar gida. Sa'ad da cutar za ta tsananta har kowa ya yarda, jikin ya riga ya raunana. Ƙwaya ba ta da wannan matsi, kuma tana yi wa dashe hidima, domin yaron da aka kula da shi ya fi isa ɗakin dashe da ƙarfinsa.

Kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Dashe, a gida ko a waje, miliyoyin naira ne gommai, ban da jirgi da masauki da abincin watanni. Ƙwaya dubbai ce a wata, ana ma yin ta a Najeriya. Akwai kuma maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, na ambace shi ne kawai don kada a ce na manta.

Abin da na ga an fi mantawa da shi shi ne dawowa gida. Sallama daga asibiti ba ita ce ƙarshen dashe ba. Watanni shida zuwa shekara yaro na shan maganin da ke danne garkuwar jikinsa, sai an sake yi masa rigakafin yara daga farko, kuma zazzaɓi in ya zo ba a kwana da shi. A Shanono kuwa ƙurar sussuka na nan, da rumbu mai funfuna, da turken awaki a tsakar gida, da ruwan rijiya, ga likitan jini mafi kusa yana birni. Iyalin da suka tara kuɗin aiki ba su tara na zaman shekara kusa da babban asibiti ba, rabin hanya suka biya. Sannan wanda aka yi wa dashe jininsa ne ya sauya, abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai sauya ba. Gwajin kafin aure da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa wa dokarsa hannu a 2024 ya hau kansa kamar kowa, kuma dole ya gaya wa mai gwajin tarihinsa, domin takardar za ta nuna jinin yayansa ne.

To ina ma'auni ya rinjaya? A ganina, ga mafi yawan gidajen Shanono, ƙwaya da awon ƙwaƙwalwa da zuwa asibiti a kan lokaci su ne hanya, kuma bai kamata uba ya ji ya gaza ba don bai kai ɗansa Indiya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma ba zan ce wa kowa ya rufe ƙofar dashe ba. Yaron da ya taɓa samun shanyewar jiki, ko ciwon ƙirji ke yawan kwantar da shi, ko ƙwayar ba ta yi masa aiki duk da yana sha yadda aka ce, in yana da ɗan ɗakinsu da ya dace, to nasa ma'aunin ya karkata ɗaya gefen, kuma ya cancanci dangi da masu hali da gwamnati su taru a kansa. Ko a nan ma akwai abin da ke gaba da wani. A fara ganin likitan jini a Kano, a yi gwajin dacewar 'yan'uwa, a ji sakamako, a tambayi asibitin da za a je yara nawa suka yi wa kuma nawa suka rayu, a san wanda zai ci gaba da duba yaron bayan an dawo. Sai an gama wannan kafin a kira dillalin gona.