Shirin Musamman: Me Ya Sa Ƙarfe Ke Lanƙwasa, Gishiri Ke Farfashewa?

A shirinmu na musamman na yau za mu duba jadawalin sinadarai, wanda ɗaliban kimiyya ke yi wa hadda saboda jarrabawa. Ga wanda ya iya karatunsa kuwa, gurbin kowane sinadari a jadawalin yana faɗin halinsa, da irin wanda zai haɗu da shi, da yadda haɗuwar za ta kasance.

A shekarar 1869 ne Dimitiri Mendeleyef, malamin jami'a a ƙasar Rasha, ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin bisa nauyinsu, ya lura halayensu suna maimaituwa daki-daki. Inda bai sami wanda ya dace ba sai ya bar gurbi, ya ce sinadarin yana nan, gano shi ne ba a yi ba, har ya siffanta shi. A 1875 wani Bafaranshe ya gano ɗaya daga cikinsu, wato galiyam, ya auna ya ce nauyinsa ya ninka na ruwa sau 4.7. Mendeleyef, wanda ko a ido bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya aika masa cewa ya sake awo, domin kamata ya yi a sami kusan 5.9. Da aka tace ƙarfen aka sake aunawa, 5.9 ɗin aka samu.

A yau sinadarai 118 ne a jadawalin, an jera su bisa yawan furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarrarsu. Farin ƙarfen da ake fitarwa daga kuzar Jos shi ne na 50, yuraniyam na Arlit kuma na 92.

Hagu da tsakiyar jadawalin na ƙarafa ne, kuma su ne mafi rinjaye: baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, alminiyam, dalma, azurfa, zinariya. Suna sheƙi, zafi da lantarki suna bi ta cikinsu. Can sama ta hannun dama kuma waɗanda ba ƙarafa ba ne, irin su oksijin, kulorin, farar wuta da kabon. Abin da ya raba gida biyun shi ne ilektiron ɗin da ke zagayen waje na ƙwayar zarra. Ƙarafa kaɗan gare su, kuma ba su riƙe su da ƙarfi. Ɗaya ɓangaren kuwa neman ƙari suke yi don su cike zagayensu.

To, idan mai bayarwa ya gamu da mai nema fa? Sodiyam ƙarfe ne mai taushin da wuƙa ke yanka shi, yana da ilektiron ɗaya a waje. Kulorin iska ce mai guba, tana da bakwai, saura ɗaya ta cika takwas. Sai sodiyam ya miƙa nasa, shi ya zama mai cajin ƙari, ita mai cajin ragi, su manne da juna sahu-sahu. Gishirin miya ke nan, irin wanda ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma. Ɗaurin yana da ƙarfi, don sai zafi ya kai digiri 801 gishiri ke narkewa a wuta. Amma a bugi kantu da guduma: sahu ɗaya zai ɗan gusa, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, kantun ya tarwatse.

A maƙera lamarin daban ne. Ƙwayoyin ƙarfe sakin ilektiron ɗinsu na waje suke yi su zama na kowa, kamar gonar gandu. Maƙeri ya ɗora jan garwashin ƙarfe a uwar maƙera ya sauke masa masaba, sahun ƙwayoyin sai su zame a kan juna, ilektiron ɗin su bi su, ɗaurin bai tsinke ba, har a fitar da bakin fartanya. Yawon da ilektiron ɗin ke yi ne kuma ke kai lantarki ta wayar jan ƙarfe, shi ke sa marfin tukunyar alminiyam ƙona hannu.

Hanya ta uku ta waɗanda ba ƙarafa ba ce. Da yake kowa nema yake yi, sai su yi tarayya. Oksijin ɗaya da haidirojin biyu suka yi tarayyar ilektiron, aka sami ruwa. Haka sukari ma yake, shi ya sa ruwan sukari ba ya ɗaukar lantarki yadda ruwan gishiri ke ɗauka.

Saboda haka, ɗalibai, kafin hadda a fara duba gurbi. Fotasiyam yana ƙarƙashin sodiyam a layi ɗaya, don haka shi ma ilektiron ɗaya gare shi a waje, kuma in ya gamu da kulorin, wani nau'in gishirin za su haifar. Ko ba a buɗe littafi ba, jadawalin ya riga ya ba da amsa.

A nan za mu dasa aya.