Kakin Mota: Laftawa Ba Ta Ƙara Sheƙi

A Kilomita Biyar, unguwar kasuwanci ta Bangui da ake kira PK5, inda Hausawa suka daɗe da zama, da zarar ruwa ya ɗauke wajen Disamba sai jar ƙura ta rufe komai. Tasi mai ruwan ɗorawa da aka wanke da safe, kafin azahar ta koma launin tubali. Shi ya sa mai mota yake son a lafta masa kaki har bonet ya yi fari fat, ya ga inda kuɗinsa suka tafi.

Abin yana damuna, domin asara ce tsagwaronta. Kakin nan ya sha hanya: kakin Carnauba da ke cikin gwangwanaye da yawa daga ganyen wata bishiya dangin dabino ake samunsa a arewa maso gabashin Brazil, kuma mafi yawan kayan Bangui sai sun sauka a Douala, sun ratso Garoua-Boulaï a bayan tirela. Amma abin da ke kama jikin fenti kaurinsa bai kai maikuron 1 ba, alhali silin gashin mutum ya kai kamar 70. Duk abin da ya haura wannan, tsumma ne zai kwashe shi.

Da ma a asara abin ya tsaya. Kaki mai kauri yakan bushe daga sama ya bar danshi a ƙasa, ya daskare, sai yaron da ke goge motar ya sa ƙarfi yana dirza. Kafin nan ƙura ta sauka a kai, ita kuwa tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Fatar sama ta fenti, wadda ke ba shi sheƙi, kaurinta maikuron 40 zuwa 50 ne kacal. Ka duba baƙar mota da hantsi, za ka ga zane-zane a kewaye kamar saƙar gizo. Yawanci aikin tsumma ne da ƙura.

To nawa ya isa? Bayan an wanke mota tas, a ja ta inuwa har ƙarfen ya huce. A juya soso sau ɗaya a gwangwani, ya ishi ƙofa guda. Shafar ta zama siririya, wadda sai ka karkata kai za ka hango ta kamar hazo. Bayan 'yan mintoci a ja yatsa a kai: in ya bar layi mai tsabta, a goge, in ya yi maiƙo, a dakata.

Shi kuma man sheƙi da ake shafawa kafin kaki, ɗigo uku ko huɗu sun wadatar. Cike ƙananan zane kawai yake yi, ba ya kare fenti daga rana, kuma in ba a rufe shi da kaki ba, wanki kaɗan zai tafi da shi.