Tsakanin Kunama da Dabba: Yadda Ake Zaɓen Harsashin Harbin Nesa

A jihohin yammacin Amurka, irin su Wyoming da Montana da Idaho da Colorado, farautar manyan namun daji takan kankama ne daga Satumba zuwa Nuwamba. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai da filayen da ba su da itacen fakewa. Maharbi yakan hango elk, wani ƙaton dangin barewa mai ƙaho reshe-reshe wanda namijinsa kan kai kilo 300, yana kiwo a can ƙetaren kwari, tsakaninsu mita 500 ko 600. A da, abin yi ɗaya ne: ya duba inda iska ke kaɗawa, ya gangara, ya yi sanɗa har ya rage tazarar. Yanzu da yawa sukan kwanta a inda suke, su auna nisa da na'urar leza, su murza madubin saiti, su ja kunama. Tun da waɗannan na'urori suka shigo hannun maharba a shekarun 1990, kasuwar bindigogin harbin nesa ta buɗe, gardama kuma ta ɓarke a tsakanin maharban kansu, har yau ba ta lafa ba.

Kafin a je ga gardamar, ya kamata a san abin da ke samun harsashi bayan ya bar bakin bindiga. A ɗauki .30-06 Springfield, wanda sojan Amurka ya fara aiki da shi a 1906, daga baya ya zama harsashin farautar da kowa ya sani. Ƙwayarsa mai nauyin giram 11.7 tana fita da gudun kusan mita 820 a daƙiƙa. Daga wannan lokacin abu biyu ke cin ta: ƙasa na janyo ta, iskar da take ratsawa na rage mata gudu. Idan an daidaita saiti a mita 200, kafin ta kai mita 500 ta sauka fiye da mita guda ƙasa da inda aka nufa. Wannan saukar ba ita ce matsala ba, don lissafinta sananne ne, wayar hannu ma tana yin sa. Iskar gefe ce ke ba da wahala. Iska mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta wuce ta kaɗa ciyawa da ƙananan rassa ba, tana iya karkatar da wannan ƙwaya fiye da rabin mita a wannan tazara. In aka ninka tazarar, karkatar takan ninku fiye da sau huɗu. Na'urar auna iska kuwa abin da ke kaɗawa a inda maharbi yake kwance kawai take faɗa masa. Wadda ke busawa a tsakiyar kwarin, sai dai ya kintata daga motsin ciyawa da rawar zafi da yake gani a madubi.

Ga kuma lokaci. Ƙwayar na ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa kafin ta cinye mita 500. Dabbar da ke kiwo ba gunki ba ce. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya a wannan ɗan tsakani, harbin da aka nufi huhu da shi ya faɗa tumbi. Wurin da ake so a samu, wato zuciya da huhu a bayan kafaɗa, faɗinsa a jikin elk bai wuce santimita 40 ba, a jikin ƙananan barewa kuma kusan rabin haka.

Masana'antu sun amsa matsalar iska da dogayen ƙwayoyi sirara masu tsinin baki da tsukakken gindi, waɗanda ke ratsa iska ba tare da sun zubar da gudu da wuri ba. Sai dai doguwar ƙwaya takan wuntsila a sama in ba ta juya da sauri ba. Shi ya sa ake yanka layuka masu murɗewa a cikin bututun bindiga, su wulwula ta ta tsaya cak a kan hanyarta kamar katantanwar da yaro ya murza. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, an tsara shi da bututun da ke juya ƙwaya sau ɗaya a kowane inci 8, alhali tsohon .270 Winchester na 1925 an saba yi masa sau ɗaya a inci 10. Wannan ɗan bambancin ne ya ba Creedmoor damar ɗaukar ƙwayoyi dogaye. An ƙirƙire shi ne don gasar harbin allo, amma maharba suka rungume shi. Daga baya kamfanin ya biyo da 6.5 PRC da .300 PRC a 2018, sai 7mm PRC a 2022, dukkansu a kan tunani ɗaya, an dai ƙara albarushi.

Inda talla ke yin shiru shi ne aikin ƙwaya bayan ta isa. Samun dabba daban, kashe ta nan take daban. Labarin John Nosler ya nuna haka. A 1946 yana farauta a British Columbia ta Kanada da .300 H&H, ya harbi wani moose, shi ma ƙaton dangin barewa, da taɓo ya bushe a jikinsa, ƙwayoyin suka tarwatse ba su shiga ciki sosai ba. Ya koma gida ya ƙera wata ƙwaya mai katanga a tsakiya: dalmar gaba ta buɗe ta yi faɗi ta yaga nama, ta baya kuma katangar ta riƙe ta, ta ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da ita da sunan Partition, har yau kuma ana auna sauran ƙwayoyi da ita. Matsalar Nosler gudu ne ya yi yawa a kusa. Ta maharbin nesa akasin haka ce. Yawancin ƙwayoyin farauta suna buƙatar su isa da gudun kusan mita 550 a daƙiƙa kafin su buɗe yadda ya kamata. Ƙasa da haka, ƙwayar takan huda ta wuce da ƙaramin rami, dabbar ta ruga da rauni, jini kaɗan. Ƙwayoyin tagulla zalla, waɗanda jihar California ta sa maharbanta komawa gare su da ta hana dalma a duk farauta daga Yulin 2019, galibi sun fi son gudu fiye da haka ma.

Saboda haka zaɓen harsashi daga jikin dabba ake fara shi, a dawo da baya. Wace dabba ce, yaya kaurin fatarta da ƙashinta? Wace ƙwaya ce za ta kai huhu ko da ta ci karo da kafaɗa? A wane nisa ne gudunta zai sauka ƙasa da abin da zai buɗe ta? Bayan an amsa waɗannan ne ake tambayar wane kwanso zai tura ta. Ga pronghorn na filayen Wyoming, wani mai kama da barewa wanda bai cika wuce kilo 60 ba, 6.5 Creedmoor ya isa har da saura. Ga elk a nesa, maharba da yawa sukan koma ga 7mm Remington Magnum na 1962 ko .300 Winchester Magnum na 1963, don ƙwayarsu ta fi nauyi kuma tana isa da sauran ƙarfi.

To, me zai hana kowa ya ɗauki mafi girma? Shurin bindiga. Duk ƙarfin da ya tura ƙwaya gaba, rabonsa na dawowa kafaɗar mai harbi. Shurin .300 Winchester Magnum ya kai ninki biyu na Creedmoor a bindigogi masu nauyi ɗaya. Ka tsaya kusa da wanda bindigarsa ta fi ƙarfinsa ka kalli fuskarsa: kafin ƙarar ta tashi ya riga ya runtse ido, ya tsuke kafaɗa, ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Shi bai san yana yi ba. A mita 100 wannan fizga santimita kaɗan ce, a mita 500 ta ninku biyar. Mutanen Suwidin sun shafe fiye da ƙarni suna kayar da moose da 6.5x55 na 1894, harsashi mai sanyin shuri, don suna sa ƙwayar inda ya dace. A ganina maharbin da ke harba matsakaicin harsashi sau ɗaruruwa a shekara ya fi wanda ya sayi magnum yana tsoronta amfani a daji. Ana iya rage shuri da ƙara wa bindiga nauyi, amma wanda zai hau dutse mai tsayin mita 3,000 da ita a kafaɗa ya san farashin kowane kilo.

Ba ko'ina ne ma ake buƙatar wannan lissafi ba. A arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwai da Faro da Bouba Ndjida, baƙi kan zo da rani neman ɓauna da gwanki da ƙaton eland na Derby. A can da ƙafa ake bin sawu, masu bin sawun 'yan ƙasa ne, a yi ta tafiya cikin zafi har a cim ma garke a cikin itatuwa, a yi harbi a kusa. Harsashin da aka fi dogara da shi shi ne .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, mai ƙwaya giram 19. Abin da ake nema a wurinsa ya fasa ƙashi ya kai ciki, domin ɓaunar da aka raunata takan laɓe ta jira mai binta.

A koma ga gardamar. Ƙungiyar maharba ta Boone and Crockett a Amurka, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta nuna damuwarta a fili game da harbin nesa. Hujjarta ita ce farauta ta gaskiya tana ba dabba damar amfani da idonta da kunnenta da hancinta ta tsira, wanda kuwa ya harbe ta daga inda ba za ta taɓa sanin yana nan ba ya ƙwace mata wannan dama. Masu harbin nesa sukan amsa cewa dabbar da ba ta tsorata ba tana tsaye cak, maharbin kuma yana kwance a natse, ya fi wanda ya yi sanɗa yana haki samun saiti. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma abin da ya fi damuna shi ne bayan harbi. Wanda ya harbi elk a ƙetaren kwari yana iya shafe awa guda yana gangarawa da hawa kafin ya kai can, kuma da ya isa, duwatsu da itatuwan da ya yi alama da su sun sauya kama. In bai ga jini ba sai ya ce kuskure ya yi, ya juya. Dabbar kuwa tana can kwance a wani kurmi da ƙwaya a hanji, za ta kwana tana shan azaba kafin ta mutu, naman ya lalace a banza.

Akwai gwaji mai sauƙi da ƙwararru ke ba da shawara a kai. A kafa faranti mai faɗin huhun dabbar da ake nema. A harbe shi da harsashin farko daga bututu mai sanyi, a kwance a ƙasa bisa jakar goyo, ba a kan teburin filin harbi ba, a ranar da ake iska. A maimaita a ranaku daban-daban, ana ƙara nisa. Inda mutum ya daina samun tara cikin goma, nan iyakarsa take, ko me aka rubuta a kwalin harsashi. Ina kyautata zaton maharba da yawa za su tarar da tasu a wajen mita 300, tazarar da .270 Winchester da .30-06 ke kayar da elk da ƙwaya mai kyau ba tare da an sayi sabuwar bindiga ba.