Na'urar auna iskar oksijin a gida: abin da ya kamata a gwada kafin ta iso Maruta

Ciwon limoniya na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya, kuma haɗarinsa na ƙaruwa idan iskar oksijin ta ragu a jini. Ido ba ya saurin gane wannan ragi. Uwa a garin Maruta da ke ƙaramar hukumar Gwaram tana iya ganin ɗanta yana numfashi da sauri, amma ba ta da hanyar sanin ko lokacin garzayawa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ya yi.

Wannan giɓi ne masu bincike ke son cikewa da ƙananan na'urori da ake maƙalawa a yatsa ko a ɗaura a hannu, su riƙa aika sakamako ta waya zuwa ga ma'aikacin lafiya. Tushen fasahar ya fito ne daga injiniyan Japan Takuo Aoyagi a farkon shekarun 1970. Na'urar tana haska fata da jan haske da wani hasken da ido ba ya gani, sai ta lissafa yawan oksijin daga yadda jini ya shanye kowannensu. Mai lafiya kan nuna kashi 95 zuwa 100, ƙasa da 90 kuwa alamar haɗari ce. Ingila ta raba irin waɗannan na'urori ga masu korona a gidajensu tun 2020.

Sai dai akwai matsalar da ta shafi baƙar fata kai tsaye. Binciken Jami'ar Michigan ta Amurka na 2020 ya gano cewa na'urar kan ɓoye ƙarancin oksijin ga baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farare, wato ta nuna lafiya alhali majiyyaci na cikin haɗari. Sanyin yatsu a lokacin hunturu da motsin yaro ma suna gurɓata sakamako.

Saboda haka gwajin da ya dace shi ne a kwatanta sakamakon na'urar da awon jini a jikin mutane masu launin fata irin na Jigawa, a kuma duba juriyar batirinta da yadda za ta yi aiki inda sabis ɗin waya ke yankewa. Bayan haka, amfanin gargaɗinta ya dogara ga samun abin hawa da tukunyar oksijin a asibitin da za a kai yaron.