Zaɓen Na'urar Ƙara Ƙarfin Mota: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Maiduguri Su Lura

Maiduguri — Daga cikin motocin Beljiyam da ake kawowa kasuwannin Arewa, akwai waɗanda ake gani an rubuta Kompressor ko Supercharged ko Turbo a bayansu, kuma dillalai kan kafa hujja da wannan rubutu wajen ɗaga farashi. Dukkan sunayen suna nufin cewa injin yana ɗauke da na'urar da ke cusa masa iska da ƙarfi. Amma ga mai sayen mota a Jihar Borno, zafin gari da ƙura da irin man da ake samu sun fi yawan ƙarfin dokin da aka rubuta a takarda muhimmanci.

Inji yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona mai tare da iska. Idan aka matsa iska mai yawa cikin silinda, sai a sami damar ƙona ƙarin mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Hanyoyi biyu ake bi wajen yin haka. Ta farko ita ce sufacaja, wadda injin da kansa ke juya ta da bel. Ta biyu kuwa ita ce turbo, wadda hayaƙin da ke fita ta salansa ke juyawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1860 wasu 'yan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar famfon iskar da har yau ake kira da sunansu, kuma irinsa ne ke cikin yawancin sufacajar motocin hawa. A 1905 injiniyan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar turbo, sannan a 1921 aka baje kolin motocin Marsandi na farko masu Kompressor a birnin Balin na Jamus.

Amfanin sufacaja shi ne mota kan amsa nan take da zarar direba ya taka totur. Aibinta kuwa, tana cin wani kaso na ƙarfin injin da ke juya ta, saboda haka shan mai yakan ƙaru. Turbo tana amfani da hayaƙin da da ma zai tafi a banza, don haka ta fi tattalin mai, sai dai tana ɗan jinkiri kafin ta kama, kuma tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya cikin zafi mai tsanani. Wannan tattali ne ya sa kamfanin Marsandi ya bar Kompressor ya koma turbo a ƙananan injinansa wajen 2010. Tun bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, bambancin shan man ya zama abin da ɗan kasuwa ba zai kau da kai a kansa ba.

Abu na farko da ya shafi Maiduguri shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin yakan wuce digiri 40, kuma iska mai digiri 45 ta gaza mai digiri 15 kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Bugu da ƙari, matsa iska yana ƙara mata zafi. A injin fetur, iskar da ta yi zafi da yawa takan sa mai ya fashe ba a kan kari ba, wanda ke iya huda fistin. Shi ya sa na'urar sanyaya iska da ake sakawa tsakanin famfon da inji, tare da lagireto mai lafiya, suka zama wajibi.

Na biyu shi ne ƙura. Hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, da rairayin hanyoyin Dikwa zuwa Gamborun Ngala da Bama zuwa Banki, kan cinye fukafukan na'urar sannu a hankali idan matatar iska ta yage ko ba ta zauna daidai ba. Motar da ke bin waɗannan hanyoyi na buƙatar canjin matata da baƙin mai kafin wa'adin da littafin kamfani ya ɗiba wa ƙasashen Turai.

Na uku shi ne mai. Yawancin motocin fetur masu sufacaja, irin su Marsandi C200 Kompressor na 2000 zuwa 2007 da Range Rover Sport Supercharged da ta fito a 2005, an ƙera su ne don fetur mai oktan 95 ko fiye. Idan aka ba su wanda bai kai haka ba, kwamfutar injin takan rage ƙarfinsa don ta kare shi, mai mota ya rasa abin da ya biya kuɗi dominsa. Man jarka na bakin hanya kuwa haɗarinsa ya fi haka.

Misalin Toyota Land Cruiser ya isa darasi ga masu sha'awar ɗora na'urar a kan injin da bai zo da ita ba. A 1990 kamfanin ya fito da injinan gas biyu masu lita 4.2 da silinda shida: 1HZ marar turbo mai ƙarfin doki kimanin 130, da 1HD-T mai turbo wanda ya haura 160. Girmansu ɗaya, amma yadda ake fesa mai da matsin silinda da ƙirar fistin duk sun bambanta. Wanda ya ɗaura turbo a kan 1HZ ba tare da daidaita famfon mai da auna zafin hayaƙi ba, yana iya fasa fistin ko kan inji. Rashin sarƙaƙiyar 1HZ ɗin ne ma ya sa masu zirga-zirga a yankin Sahel ke riƙe da shi har yau, domin bakaniken ƙauye zai iya gyara shi.

Saboda haka, kafin a biya kuɗi, ya dace mai saye ya sa bakaniken da ya amince da shi ya saurari na'urar ko tana gurnani, ya duba bel da bututun iska ko akwai baƙin mai a ciki, ya kuma lura da shuɗin hayaƙi a salansa. Haka nan a bincika ko motar na cikin waɗanda ruwa ya shanye a ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024. Har ila yau, a tambayi farashin kayan gyara, da ko ana samunsu a Maiduguri ko sai an aika Kano ko Legas, domin motar haya da ta kwana bakwai a gareji asara ce ta kwana bakwai.

Ga mai jigilar kaya a doguwar hanya, injin gas da ya zo da turbo daga kamfani shi ne ya fi dacewa da aljihu. Sufacaja ta fi dacewa da motar hawa ta cikin gari, a hannun wanda ke da halin mai da gyara. Ɗora ɗayansu a kan tsohon inji don gudun tsadar sabo kuwa, masu iya magana sun riga sun ce araha ba ta ado.