Nong Kai: jahar bakin gulbi da addininta da bukukuwanta ke bin hawa da saukar ruwa

Yau za mu kai ku ƙasar Tailan, can kudu maso gabashin Asiya. Ƴan kasuwarmu da yawa sun san sunan Bankok, babban birnin ƙasar. Amma wurin da za mu yi magana a kai yana arewa maso gabas da Bankok, tazarar kilomita sama da 600. Sunansa Nong Kai, jaha ce da ke kwance a bakin gulbin Mekong, kuma da ka tsallake ruwan ka shiga ƙasar Lawos.

Sai mutum ya fara sanin gulbin kafin ya gane garin. Mekong ya taso daga tsaunukan Tibet, ya yi tafiyar kilomita fiye da 4,000, ya taɓa ƙasashe shida: Sin, Miyanma, Lawos, Tailan, Kambodiya da Biyetnam. A shekarar 1893 Faransa ta tilasta wa masarautar Siyam, wato Tailan ta yau, ta sakar mata ƙasar da ke hayin gulbi. Daga nan ruwan ya zama iyaka. To amma mutanen gaɓa biyun harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, shinkafa mai danƙo, addininsu ɗaya. Har ma masu jin harshen Lawo sun fi yawa a ɓangaren Tailan bisa ga cikin Lawos kanta. Mutumin Ƙonni da ke da dangi a Illela, ko na Ɗan Isa mai zuwa kasuwar Jibiya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A watan Afrilu na 1994 aka buɗe gada tsakanin gaɓa biyun, tsawonta mita 1,170, ƙasar Ostareliya ce ta biya kuɗin ginin. Ana kiranta Gadar Zumunta. Daga bakinta zuwa Biyantiyan, babban birnin Lawos, kilomita 20 ne ko ɗan fiye. Abin dariya a nan shi ne, a Tailan mota hagu take bi, a Lawos kuwa dama, don haka direba na sauka gada sai ya sauya hannu.

Yawancin mutanen jahar mabiya addinin Buda ne. Buda mutum ne da ya rayu a yankin Indiya da Nepal shekaru kusan 2,500 da suka wuce, mabiyansa kuma suna girmama shi da koyarwarsa. Wurin ibadarsu a harshen ƙasar sunansa "wat". Malamansu na aske kai, suna yafa zane mai launin rawaya, kuma da sassafe sukan fito a jere da akushi a hannu, mutane na zuba musu abinci.

Mafi girman daraja a garin shi ne Wat Po Cai. A cikinsa akwai mutum-mutumin Buda da suke kira Pra Sai. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne, guda uku aka ƙera domin ƴaƴa mata uku na wani sarkin Lawos. Bayan yaƙin da Siyam ta ci Biyantiyan a 1828 aka ɗauko su ta ruwa. Guguwa ta taso, ɗaya ya nutse a gulbi, ɗaya ya isa Bankok, na ukun kuwa, in ji su, amalanken shanun da ke ɗauke da shi ta karye, sai aka ce ya ƙi barin garin. Shi ya sa har yau mutanen Lawos ke tsallakowa ziyara.

In ka bi bakin ruwa gabas da kasuwar Ta Sadet, akwai wata tsohuwar hasumiyar ibada da gulbi ya cinye gindinta ta faɗa ciki a 1847. Da damina ba ka ganin komai sai ruwa. Da rani, in ruwa ya ja, sai kanta ya fito, mutane su shiga kwalekwale su je su ɗaura mata ƙyallaye.

A wajen gari kuma akwai Sala Keoku, wani fili cike da manyan mutum-mutumi na siminti, wasu sun kai mita 25. Wani mutum mai suna Bunlua Sulilat ne ya fara gina shi a 1978. Tun 1958 ya gina irinsa a hayin Lawos, amma da ƴan kwaminis suka karɓi mulki a 1975 ya tsallako ya sake sabo. Ya rasu a 1996. Filayen biyu na nan, kowanne a ƙasarsa, gulbi a tsakani.

Mai son kallon ƙasa sai ya yi yamma, wajen gundumar Sangkom, inda duwatsu ke matse gulbin. A kan wani dutse akwai Wat Pa Tak Sua, inda aka gina dandamali na gilashi da ya leƙa kan rami. Da sanyin safiya hazo na rufe kwarin, sai can rana ta ɗaga ka hango ruwa da gonakin Lawos a ƙasanka.

Sai bukukuwa, kuma duk da ruwa suke tafiya. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, tsakiyar zafi, ake bikin sabuwar shekara, Songkran. A ranar ake fito da Pra Sai a zaga gari da shi, ana yayyafa masa ruwa, yara da manya na watsa wa juna. Baƙo ya sani, ba wanda ake ƙyalewa a bushe.

Wajen Mayu zuwa Yuni, gab da shuka, sai bikin Bun Bang Fai. Kowane ƙauye na ƙera rokarsa da gora ko bututu, a cika da albarushi, a harba sama. A al'adarsu tuni ne ga mai ruwan sama cewa lokaci ya yi. Wanda tasa ta ƙi tashi, abokai su jefa shi cikin taɓo.

Babban biki shi ne na ƙarshen damina. Malaman Buda na yin wata uku a cikin wat ba sa tafiya, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Daren da suka fito, wata ya cika, sunansa Ok Pansa. A daren ne dubban mutane ke taruwa a bakin ruwa a gundumar Pon Pisai da Ratanawapi, suna jiran wasu dunƙulen wuta jajaye da ake cewa suna tasowa daga gulbi su yi sama shiru su ɓace. Masu imani da abin na cewa Naga ne, wani ƙaton maciji da suka yarda yana zaune ƙarƙashin ruwa, yake yi wa Buda maraba. Wasu masana na cewa iskar gas ce daga ruɓaɓɓen ciyayi a ƙasan gulbi. A 2002 wata tashar talabijin ta Tailan ta nuna sojojin Lawos na harba harsasai masu haske a daren, ta ce su ne wutar. Mutanen Nong Kai suka fusata ƙwarai, domin maganar ta taɓa imaninsu, ta kuma taɓa abincinsu: masu masauki, masu sayar da abinci da masu kwalekwale duk suna samun ciniki a makon nan. A lokacin ne kuma ake tseren dogayen jirage, kowanne da matuƙa gommai.

Yanzu ga inda damuwar take. Gulbin da duk wannan ya dogara a kansa ya fara sauya hali. Sin ta gina manyan madatsun ruwa, baraji kamar yadda muke cewa, a saman gulbin, Lawos ma ta fara aiki da nata na Sayaburi a 2019. A shekarar ruwa ya ja ƙasa sosai a tsakiyar damina, masunta suka koka. A Satumban 2024 kuma ya yi ambaliya ya shiga cikin garin Nong Kai. Manoman da ke shuka kayan lambu a gaɓa bayan janyewar ruwa, da kifin da ke hawa sama don yin ƙwai, duk da lissafin lokaci suke aiki. In hawa da saukar ruwa suka koma hannun mai buɗe ƙofar baraji, lissafin ya rikice.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, jirgin ƙasa na tashi daga Bankok da dare ya wayi gari a Nong Kai. Lokaci mafi daɗi shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ruwa ba zafi. Mai son bikin Oktoba ya kama ɗaki tun da wuri. Agogonsu na gaban namu da awa shida, shekararsu kuma ta ɗara tamu da 543, kada ka ga kwanan wata a takarda ka rikice. Tsallaka gada shiga wata ƙasa ce, sai da fasfo da biza, kuma ka tabbatar takardarka ta ba ka damar komowa Tailan.

In za ka shiga wat, ka cire takalmi, ka rufe kafaɗa da gwiwa. Ba a miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin Buda, mace ba ta taɓa malaminsu, ba a dafa kan kowa. Ba wanda zai tilasta maka yin ibadarsu, abin da suke nema ladabi ne kawai. Wajen abinci kuma ka riƙa tambaya, domin naman alade na shiga girkinsu da yawa. Kifin gulbi gasasshe da gishiri dai yana nan ko'ina a bakin ruwa, ga shinkafa a ɗan kwando.